Hutun Shuɗiya

Zuwa ga Kawu Direba,

Gaisuwa mai tarin yawa tare da ladabi. Ina fata kun sauka lafiya, gajiya ta bi lafiya, idon kuma ya ɗan yi dama-dama. Ka gaishe mini da Yaya Akanta da matarsa. Na san ita za ta karanta maka wannan takarda, saboda haka gulmarsu sai ka dawo. Mu nan lafiya lau. Ina nan bayan tagar ɗakin magani na asibiti daga safe har la'asar, ina miƙa ƙwayoyi ina maimaita "bayan an ci abinci" har bakina ya bushe.

Gidan ya yi mini faɗi tun da ka tafi. Ɗakinka na share na kulle. Motarka Shuɗiya tana rumfarta inda ka ajiye ta, hancinta na kallon ƙofa. Kullum da safe nakan ɗaga bonet, in zaro sandar gwada mai, in goge, in mayar, in sake zarowa yadda ka koya mini, sannan in tayar da ita ta ɗumama. Murza ɗaya take tashi.

Wata abokiyar aikina ta ga makullin a jakata, ta tambaye ni me ya haɗa ni da kai. Na ce kai ɗan ƙanen kakata ne. Ta yi ta lissafi da yatsu, can ta ce, "Wannan zumunci ai sai an hau tsani ake hango shi. Shi ne ya ba ki makullin motar da ko ɗan cikinsa bai taɓa tuƙawa ba?" Na ce mata ni ce Kwandasta, tun ina 'yar mitsitsiya nake leƙo kai ta tagar bas ɗinka ina kira maka fasinja, shi kuwa Yaya ko warin fetur ba ya so.

Ga abin da ya sa na rubuto. Ranar tafiyarku an yi ta sauri, ban samu na tambaye ka ba: in riƙa fita da ita, ko in tsaya iya ɗumama ta? Kai ka koya mini tuƙi a tsohuwar bas, amma Shuɗiya babu wanda ya taɓa hawa titi da ita sai kai, ni kuwa ba na so in yi gaban kaina. Kuma na ji abin da Yaya ya faɗa a bakin ƙofa lokacin da yake sa jakarka a tasi, wai tsohuwar mota wahala ce, gara a rabu da ita. Ban ji daɗi ba.

Mai Tanka, tsohon yaron motarka, ya ce duk lokacin da lodi ya bi da shi ta wajenku zai riƙa kai mana takarda yana kawowa. Ina jiran amsa ta hannunsa.

'Yarka,
Kwandasta

Kwandasta,

Na amsa gaisuwarki, Allah ya yi miki albarka. Ni nake faɗa, surukata ke rubutawa. Na naɗa ta Sakatariya, ba albashi. Lafiyata ƙalau in ban da ido. Likita ya ce yana ce ta rufe duka biyun, amma ba zai taɓa su ba sai sugan jinina ya sauka. To ga ni nan ana ta saukar da suga. An cire shi a shayi, an cire shi a abinci, har a hira ma an cire.

Gidan nan can saman bene yake. Ƙasansa santsi, kujerunsa laushi, in na zauna sai an jawo ni nake tashi. Na miƙe in ɗebi ruwa, "Baba zauna." Na nufi matakala, "Baba ina za ka?" Mutumin da ya ƙarar da ƙuruciyarsa a kan titi, yau tafiyarsa daga gado zuwa taga. An ce ciwon ido sai haƙuri, amma wannan haƙurin ƙaiƙayi gare shi.

Abin da kika ji sau ɗaya a bakin ƙofa, a nan kullum sai na sha shi. Akanta so yake in tare a wajensu gaba ɗaya. Ya ce me na bari a can in ban da tsohon ƙarfe? Na ce ƙarfen nawa yana jirana, kuma lafiyarsa lau. To ki gane mini: muddin Shuɗiya tana da rai, ina da hujjar komawa gida. Ran da ta kwanta, ni da benen nan mun ƙulla ke nan. Sakatariya ta tsaya da rubutu. Rubuta, 'yar nan, ai ba ƙarya na yi wa mijinki ba.

Saboda haka ki buɗe kunne. Baƙin mai shi ne jinin inji, ki duba shi kafin ki tayar da ita, ba bayan kin tayar ba. Ruwan lagireto ki duba da sanyin safiya. Kada ki kuskura ki buɗe murfinsa tana da zafi, zai wanke miki fuska. In ta tashi kada ki danna mata totur, ki bar ta a silo har muryarta ta daidaita, mai ya zaga ko'ina. Wanda aka tasa daga barci ba a sa shi gudu. Batun fita da ita da kika tambaya kuwa, kar

(Takarda ta cika, juya baya.)

Ki bar ta ta huta. Shekara da shekaru muna tare, na san abin da jikinta yake so, ba sai na yi miki dogon bayani ba. In kin ji wani sautin da ba ki saba ji ba, ki kira Dogo bakanike, amma ki tsaya a kansa. Hannunsa yana da kyau, sai dai yana son kwance abu don ya ga cikinsa.

Ki gaida maƙwabta, har da wanda ya ari jak ɗina ya manta hanyar gidana.

Kawunki,
Direba

Kawu,

Ina gaisuwa. Yaya ido, yaya suga, yaya haƙuri da bene? Allah ya sa a yi aikin a sa'a. Ina gaida Sakatariya, rubutunta ya fi na likitocinmu kyau nesa ba kusa ba. Ni lafiyata ƙalau, sai 'yar murar da ta kama kowa a asibiti.

Takardarka ta iso, na karanta na sake karantawa. Na ji, na kuma bi. Ka ce kar, to kar ɗin. Ba zan ɓoye maka ba, abin ya ɗan sosa mini rai, don na zaci ka yarda da hannuna. Amma mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo, kuma ba zan zama sanadin da Yaya zai samu abin faɗa ba.

Damina ta kankama a nan. Kullum ina tsaye a bakin titi da laima ina jiran bas, motoci suna watsa mini ruwan kwata, ga makullin mota a jakata yana ƙara. Abokiyar aikina ta ce wannan shi ne ga ƙoshi ga kwanan yunwa. Na ce ta ji da kanta.

Hutu kam Shuɗiya tana shan sa. Na sayo sabon tampol na lulluɓe ta har ƙasa, na danne gefe-gefe da duwatsu, ko iska ba ta shiga. Da safe in yaye, in duba mai, in duba ruwa, in tayar da ita, in ɗora ruwan shayi. Kafin ya tafasa na kashe ta, don kada in wahalar da ita, na mayar da lulluɓi. Tayarta ba ta taka ko tsinke ba tun tafiyarka. Dogo ya biyo ta ƙofar gida rannan ya ce in ba shi ya ɗan zaga da ita, na ce Kawu ya ce kar. Ya ɗaga kafaɗa ya ce kai da motarka sai Allah.

Abu ɗaya ne nake so ka sani, ko da yake ƙila ba komai ba ne. Yanzu sai na murza na sake murzawa kafin ta kama. In ta kama takan ɗan yi kakari, salansa yana ɗigar da ruwa, da wani farin hayaƙi marar yawa. Na ɗauka sanyin damina ne, tunda mu ma tari muke yi. In da abin da zan yi, ka faɗa mini.

Hankalina ba ya zama wuri ɗaya kwanakin nan. Ina cikin ƙirga ƙwayoyi sai in ga ina tunanin ko na rufe bonet.

'Yarka,
Kwandasta

Kwandasta,

Sallama da fatan alheri. In kina lafiya, to ni ban sani ba, don babu wanda ya gaya mini. Wata ya mutu, wani ya tsaya, shi ma ya yi nisa, babu ke babu Mai Tanka. Wannan ta gidan waya na sa a aiko, in ta ga dama ta iso.

An yi aikin idon dama. An naɗe mini rabin fuska, an ce kada in sunkuya, kada in yi atishawa da ƙarfi, kada in yi fushi. Na ukun ne ya gagara. Yanzu an kwance, ina ganin haske da inuwar mutane, sai dai kowa kamar yana tsaye a bayan labule. Likita ya ce a hankali. Na hagu sai nan gaba.

Aikina a nan ɗaya ne: in jawo kujera bakin taga in saurari titi. Akwai wata tasi da ke wucewa da hantsi, filoginta ɗaya ya mutu, tana tafe tana ɗingishi. Akwai wata motar ɗaukar kaya da fambel ɗinta ke kuka tun daga kwana. Jiya na kasa daurewa na leƙa na yi wa direban ihu ya ɗaure bel. Sakatariya ta ce duk 'yan bene sun fito suna tambaya ko gobara ce. Daina dariya ki rubuta.

To ke fa? Yaya muryarta a kan tudun nan na wajen tankin ruwa? Tana hawa da giya ta uku, ko sai kin sauko mata ta biyu? In ta fara neman ta biyu, matatar iska ce ta toshe, ki cire ki kakkaɓe. Allurar zafi tana tsayawa a tsakiya in kin yi nisa? Bisa lissafina, da zuwa aiki da dawowa da 'yan unguwanninki, yanzu lokacin juye ya yi. Ki sa Dogo ya zubar da tsohon mai tana da ɗumi, ya canza matatar mai tare, kada ya ce miki wai tsohuwar tana da sauran rai.

Akanta ya fara cewa shirunki amsa ce, wai da lafiya da kin rubuto. Na ce 'yata tana can tana cin titi ne, ba ta da lokacin biro. Na faɗa da ƙarfi, amma a cikina ban natsu ba. Ki rubuto ko da layi ɗaya ne.

Kawunki,
Direba

Kawu,

Ina gaisuwa, ina kuma yi maka barka da fitowa daga aikin ido. Allah ya ƙara haske. Ban yi shiru ba. Tankar Mai Tanka ce ta lalace a hanya ya daɗe a kanta, takardata tana cikin aljihunsa. Yau zai tashi, zai kawo maka waccan da wannan tare. Ka sa a fara karanta maka waccan.

Kawu, wane tudu? Wace giya ta uku? Na karanta takardarka ta gidan waya a tsaye a bakin rumfa, sai da na nemi wuri na zauna. Ga taka ta farko a gabana, ga abin da ke ciki: "Batun fita da ita da kika tambaya kuwa, kar." Na juya baya: "Ki bar ta ta huta." Ni abin da na gani ke nan, shi na bi. In ba haka kake nufi ba, to me na yi wata da watanni ina yi?

Yanzu ga maganar da nake ta kewaye-kewaye don kada in faɗa. Shuɗiya ta ƙi tashi. Ranar Talata na murza, ta yi ƙyas, ta yi shiru. Na kira Dogo. Ya yaye tampol, warin rima ya buge mu. Ya ce batir ya mutu. Ya kwance filogi, duk sun yi baƙi ƙirin. Ya buɗe gidan matatar iska, ya tarar ɓera ya yi sheƙa har da tsummokara. Duk wannan bai dame shi ba. Da ya buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ne ya yi salati. Ƙarƙashin murfin wani abu ne fari-fari mai kauri, kamar madarar da ta lalace. Ya lakato da yatsa ya nuna mini, ya ce, "Ruwa ya haɗu da mai. Gasket ɗin da ke raba su ya ƙone. Sai an sauke inji."

Na ce yaya gasket zai ƙone a motar da ko ƙofar gida ba ta fita ba? Ya ce shi ba ya musu da abin da idonsa ya gani. Ya ce in ba za a sauke ba, ya san masu sayen irinta su yanka su sayar da kayan. Da ya ce "yanka" sai na ji kamar wani nawa ake nufi. Na ce ya mayar da murfin ya tafi, ba mai taɓa ta sai na ji daga bakinka.

Garin neman gira na rasa ido. Ka yafe mini karin maganar, na san ba lokacinta ba ne, ita ce ta zo bakina. Tsoro nake ji, Kawu. Ka ba ni amanar abu ɗaya, kuma na san abin da ke rataye da shi. Anti Sakatariya, don Allah in da hali ki karanta masa wannan lokacin da Yaya ba ya nan.

'Yarka,
Kwandasta

Kwandasta,

Lafiya muke, in ana kiran wannan lafiya. Takardunki biyu sun iso tare.

Kar ki bar ta ta huta! Haka na faɗa, da numfashi ɗaya. KAR KI BAR TA TA HUTA. Na sa Sakatariya ta rubuta da manyan baƙaƙe, na kuma shafa da hannuna na tabbatar a tsakiyar takarda yake. Takarda ce ta ƙare mata a kan "kar", ta juya, ta fara sabon shafi da babban baƙi kamar yadda aka koya mata a makaranta. Ba laifinki ba ne, ba nata ba ne. Ta yi kuka, na ce ta bari, kada ta jiƙa mana wannan ma.

Yanzu ki saurara, kuma kada Dogo ya ɗora sifana a kan injin nan. Inji in ya tashi, gumi yake yi a ciki. In ya hau titi ya yi zafi sosai, gumin ya ƙone ya fice ta salansa. Ke kuwa kullum sai ki tashe shi, ya fara gumi, ki kashe, ki lulluɓe shi da tampol cikin damina. Ina gumin zai je? Shi ne ya taru a murfi ya zama madarar da kuka gani. Batir ma haka: kowace tayarwa cinsa take, tafiya ce ke mayar masa. Fetur kuma in ya daɗe a tanki tsufa yake yi.

Amma ba na so ki yarda don ni na faɗa, ina nan ko tafin hannuna ba na gani sosai. Ki gwada. Kin ce kullum kina duba ruwan lagireto. Yana raguwa? In gasket ne, dole ya riƙa shanye ruwa. Sannan a yi cajin batir, a wanke filogi, ki buɗe murfin lagireto tana da sanyi, a tayar, ki zuba ido. In ruwan yana tasowa da kumfa, Dogo ya yi gaskiya, ni na faɗi. In ya kwanta lumui, to a yi juye, a sa sabuwar matatar mai da ta iska, a zubar da tsohon fetur. Sauran magani ba a gareji yake ba. Doguwar tafiya take so, ba zagayen unguwa ba, tafiyar da za ta yi zafi ta daɗe da zafin.

Ki yi sauri. Ba zan ce miki komai ba sai wannan.

Kawunki,
Direba

Ƙanwata, wannan guntuwar takardar tawa ce, Baba bai san na saka ta ba. Roƙon da kika yi a ƙarshen takardarki sai da na kai ƙarshen na gan shi, Yayanki kuwa yana zaune tun daga farko. Ya rubuta wa Dogo cewa in wata ya ƙare ya ɗauke motar ya kai wa masu yanka. Kada ki riƙe shi a rai, ba mugunta ba ce. Likita ya kira mu gefe ya ce suga ya riga ya taɓa jijiyar idon. Baba zai ga hanya, zai gane fuska, zai ci abincinsa da kansa, amma tuƙi ya ƙare. Yayanki ya ce in Baba ya koma ya tarar da motar nan da rai, wallahi sai ya hau ta, kuma gawarsa za a kawo mana. Ba mu gaya wa Baba ba, mun rasa ta inda za mu fara. Tun ranar da aka karanta takardarki ya daina zama a bakin taga. Ni abin ya fi ƙarfina, ga miji ga uba.

Matar Yayanki

Kawu,

Gaisuwa da fatan ka tashi lafiya. Murata ta warke, ko kuma na manta da ita, ban sani ba.

Ruwan lagireto bai taɓa raguwa ba. Yadda ka bar shi haka yake, ni shaida ce tunda kullum sai na leƙa. Na je gareji na gaya wa Dogo, ya ce shi yanzu umarnin Akanta ke hannunsa, ya zaro takardar ya nuna mini. Na ce takardar ta ce in wata ya ƙare, wata kuwa bai ƙare ba. Na zauna a kan tsohuwar taya a bakin garejinsa da fararen kayan aikina na ce ba inda za ni. Da ya ga masu kawo gyara sun fara tambaya ko wani ne ba shi da lafiya, ya ɗauki batir ya biyo ni.

Muka buɗe murfin lagireto, ya tayar, muka haɗa kai ni da shi muna kallo. Ruwan ya ɗan girgiza ya kwanta, ko kumfa ɗaya babu. Dogo ya daɗe yana kallo, sannan ya ce, "Tsohon nan, daga can ma sai ya sa baki." Amma da murmushi ya faɗa, kuma shi ya shiga ƙarƙashinta da kansa ya yi juyen. Ka ga abin da ya fito? Ba baƙi ba, ba fari ba, kamar shayin da aka manta a kofi.

Jiya na fita da ita. Ta mutu mini a bakin ƙofa, maƙwabcinka mai jak yana kallo. Na sake tayarwa. Tudun tankin ruwa da ta biyu ta hau, tana tari tana tofar da hayaƙi. Na juyo na sake hawa, na sake. Daga baya ta yarda da ta uku, amma da ƙyar, kuma har yanzu muryarta ba ta washe ba.

Ka ce doguwar tafiya take so. Na duba duk hanyoyin da na sani, babu wadda ta kai taku tsawo. Na nemi hutu a asibiti an ba ni. Mai Tanka zai kawo maka wannan, ya juyo, in ya sake ɗaukar lodi zan bi bayansa, in ya tsaya in tsaya. Kafin wata ya ƙare mun bar gari. Dogo in ya zo ɗauka ya gaisa da rumfa. Ya ma ce shi ranar ƙila mantuwa za ta kama shi.

Ka gaya wa Yaya ina tafe, in zai yi faɗa ya tanada, zan sha a tsaye. Kai kuma ka shirya jakarka. Ni zan kawo ta, kai za ka tuƙo mu gida.

'Yarka,
Kwandasta

Kwandasta,

Da hannuna nake rubuta wannan. In layin ya karkace ki bi shi a hankali. Lafiyata lau. An fasa jiran aikin idon hagu a nan, an ce a can ma za a iya yi.

Kada ki manne wa Mai Tanka, ki bar tazara. In allurar zafi ta wuce tsakiya ki sauka gefe, ki bar ta a silo, kada ki kashe nan take. Ki riƙe galan na ruwa da fambel na ajiya. Duk inda kuka tsaya ki duba mai. In rana ta faɗi ki nemi masauki. Hanyar lafiya a bi ta da shekara.

Kin ce ni zan tuƙo mu gida. Na gode da wannan ƙaryar, na san don ni kika yi ta. Idona ne ya raunana, kunnena yana nan. Ƙofar likitan ba ta rufuwa da kyau. Na ji komai tun ranar, na yi shiru ne don na ga ba su shirya ba, ni ma ban shirya ba.

Jiya na kira Akanta. Na ce na ji abin da likita ya ce, kuma na ajiye sitiyari, ba zan ƙara taɓa shi ba. Na ce mota ta Kwandasta ce. Ni gida nake so, in ji tashinta da safe, in yi faɗa in an danna mata totur. Na ji yana jan hanci. Can ya tambaye ni wace jaka zan tafi da ita.

Ba zan ce miki abin bai yi mini ciwo ba. Ya yi, yana kan yi.

Saura aiki ɗaya kafin ki taso. Kujerar da ke kusa da ta direba, tun da na sayi motar nan ba a taɓa matsar da ita ba, ƙarfenta ya cije. Ki ɗiga masa mai ya kwana, ki tura ta baya har ƙarshe. Ƙafafuna dogaye ne, kuma hanyar da nisa.

Kawunki